Gottlieb Haberlandt: masanin da gwajinsa ya ci tura, hasashensa kuma ya tabbata

Manomin rogo ba ya buƙatar wani malami ya gaya masa cewa guntun kara na iya zama cikakken tsiro. Yakan sare karan gaɓa-gaɓa, ya cusa a ƙasa mai laima, bayan 'yan kwanaki saiwa ta fita ta ƙasa, toho ya ɓullo ta sama. Haka ake dasa rake, haka ake dasa dankali. Abin da ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba shi ne, ina iyakar ƙanƙantar guntun da zai iya yin haka? Idan aka yi ta rabawa har aka kai ga ƙwayar halitta guda ɗaya, wato ɗan mitsitsin ɗakin nan da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, wanda da ire-irensa aka gina jikin kowane abu mai rai, shin ita kaɗai za ta iya sake gina tsiron gaba ɗayansa?

Mutumin da ya fara ɗaukar wannan tambaya ya kai ta ɗakin gwaje-gwaje shi ne Gottlieb Haberlandt, masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya. Ya gwada, bai yi nasara ba, ya kuma rubuta rashin nasarar tasa dalla-dalla ya buga. Duk da haka, shi ake kira uban ilimin renon tsokar tsiro a cikin kwalba, ilimin da ya kai har ga gonakin wake na Najeriya bayan shekaru fiye da ɗari.

An haife shi ranar 28 ga Nuwamba, 1854, a garin da a yau ake kira Mosonmagyaróvár a ƙasar Hangari, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa, Friedrich Haberlandt, malami ne a makarantar koyon aikin gona da ke garin, daga baya kuma ya koma Biyana ya zama farfesa a sabuwar babbar makarantar nazarin noma. Shi ma uban yana da nasa gurbi a tarihin wake. A babban baje kolin duniya da aka yi a Biyana a 1873 ya samu irin waken suya daga kayayyakin da ƙasashen gabashin Asiya suka kawo, ya shuka, ya raba wa manoma a sassa daban-daban na tsakiyar Turai domin su gwada, sannan ya wallafa littafi a kansa a 1878. A shekarar ce ya rasu, yunƙurin ya lafa, aka daɗe kafin Turai ta sake waiwayar waken. Gottlieb yana ɗan shekara 23 a lokacin.

Ya tashi ke nan a gidan da ake kallon tsiro ana tambayar abin da yake yi da amfanin da zai bayar. Ya yi karatu a Jami'ar Biyana a hannun Julius Wiesner, ya samu digirin dakta a 1876 da bincike kan yadda launin ganyen da ba ya kaɗewa ke sauyawa a lokacin hunturu. Shekara guda bayan haka ya fitar da wani aiki kan dabarun da ɗan tsiro ke kare kansa da su sa'ad da yake fitowa daga cikin iri, aikin da Charles Darwin ya ambata a littafinsa na 1880 kan motsin tsirrai. Amma wanda ya fi kowa tasiri a kansa shi ne Simon Schwendener, wanda Haberlandt ya je wurinsa a Tübingen ta ƙasar Jamus. Schwendener ya duba karan tsiro da ido irin na injiniya, ya nuna cewa zaruruwa masu tauri da ke cikinsa an jera su ne daidai inda kara ke buƙatar ƙarfi don kada iska ta karya shi, kamar yadda magini ke sanya azara inda nauyin ɗaki zai sauka. Haberlandt ya ɗauki wannan tunani ya shimfiɗa shi a kan dukan jikin tsiro.

A 1880 ya koma birnin Graz, inda ya shafe shekaru talatin yana koyarwa, ya zama cikakken farfesa a jami'ar garin a 1888. A can ya rubuta babban littafinsa na 1884 kan tsarin jikin tsiro da ayyukansa. Kafin shi, masana kan kasa sassan tsiro ne bisa kamanninsu da inda suka samo asali. Shi kuwa ya kasa su bisa aiki: ga masu rufe jiki, ga masu tallafe shi, ga masu tsotson ruwa, ga masu haɗa abinci daga hasken rana, ga masu jigila, ga rumbunan ajiya, ga hanyoyin iska. Wasu dattawan fannin ba su ji daɗin littafin ba, suna ganin marubucin ya cika gaggawar laƙaba wa kowace siffa manufa tun kafin a gwada. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin mutum ne mai saurin hasashe. Sai dai littafin ya ci gaba da fitowa har bugu shida, aka fassara shi zuwa Turanci a 1914, ɗalibai da yawa kuma a kansa suka tashi.

Cikin abubuwan da ya lura da su a waɗannan shekaru akwai guda da ya shafi abincin mutanen Arewa kai tsaye, ko da yake shi kansa bai kai ga sanin ma'anarsa ba. Ya ga cewa a ganyen wasu ciyayi, manyan ƙwayoyin halitta masu kore sun kewaye kowace jijiya kamar kambi, ya sa wa tsarin suna Kranz, kalmar Jamusanci mai nufin kambin furanni. Sai a shekarun 1960 aka gano cewa wannan tsari alama ce ta wata hanya ta daban ta sarrafa iska da hasken rana, wadda ke ba tsiro damar yin abinci sosai cikin tsananin zafi ba tare da ɓarnar ruwa ba. Gero, dawa, masara da rake duk wannan kambi ne a ganyensu, kuma har yau da sunan da ya raɗa ake kiransa.

A 1891 ya yi tafiya zuwa tsibirin Java, a ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya, ya zauna a shahararren lambun tsirrai na Buitenzorg, wato Bogor ta yau. Ya dawo da littafin tafiya da ya fito a 1893 da kuma bincike kan 'yan ƙofofin da ganye ke fitar da ɗigon ruwa ta cikinsu da sassafe, ɗigon da mutane kan ɗauka raɓa ce. A 1900 kuma shi da Bohumil Němec na birnin Prague, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo bayanin yadda saiwa ke sanin ƙasa daga sama: wasu 'yan ƙwayoyin sitaci masu nauyi ne ke gangarawa gindin ƙwayar halitta, ta haka tsiro ke gane inda zai dosa. Wannan bayani yana nan daram a littattafai. Wani hasashen nasa kuwa, cewa fatar ganye na ɗauke da wasu abubuwa masu aiki kamar idanu, bai samu karɓuwa ba.

A tsakiyar waɗannan ayyuka ne, tun daga 1898, ya fara gwajin da ya dawwamar da sunansa. Tun wajen 1838 da 1839 Matthias Schleiden da Theodor Schwann suka kafa ra'ayin cewa ƙwayar halitta ita ce tubalin rai, kuma kowace ɗaya tana da wata rayuwa tata ta kanta. Shekaru sittin ana maimaita wannan a aji, ba wanda ya ciro ƙwayar tsiro ya ajiye ta ita kaɗai ya ga abin da za ta yi. Haberlandt ya ga cewa idan aka raba ta da maƙwabtanta za a san abu biyu a lokaci guda: abin da take iyawa ita kaɗai, da abin da zaman tare ke hana ta ko yake ba ta.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Da allura yake yayyage ganye a ƙarƙashin madubi har ƙwayoyin su rabu. Ya yi amfani da korayen ƙwayoyin ganyen wata ciyawa da masana ke kira Lamium, da na ciyawar ruwan nan mai shunayin fure da ke toshe koguna da tafkuna, da kuma gashin furen Tradescantia. Ya zuba su cikin ruwan gishirin ma'adinai da masanin nan Knop ya haɗa don renon tsiro ba tare da ƙasa ba, ya ƙara sukari, wani lokaci da wasu sinadaran gina jiki. Sai ya zauna yana kallo, yana aunawa, yana zanawa.

Ƙwayoyin ba su mutu nan take ba. Wasu sun rayu fiye da mako uku. Sun ƙara girma, bangonsu ya yi kauri, wasu ma sun ci gaba da haɗa sitaci idan akwai haske. Abu guda ne suka ƙi yi, shi ne kuma abin da ake nema: ko ɗaya ba ta rabu biyu ba. In ba rabuwa, ba yaɗuwa. In ba yaɗuwa, babu saiwa, babu toho, babu tsiro.

Wani masanin da ya kulle takardun a aljihun tebur ya yi shiru. Haberlandt ya gabatar da su ga Cibiyar Kimiyya ta Biyana, aka buga a 1902. A cikin maƙalar ya faɗi abin da ya faru ba ƙari, sannan ya shiga lissafa abin da yake ganin ya ɓace. Ya yi zaton akwai wasu sinadarai da ke umartar ƙwaya ta rabu, ya ba da shawarar a gwada ruwan da aka tatso daga kan toho mai girma, ko ruwan da ɗan tayin iri ke kwance a ciki. Ya kuma rufe da hasashen cewa wata rana za a iya renon ɗan tayin tsiro daga ƙwayar jiki ta yau da kullum, ba tare da fure ko barbara ba. Ga mutumin da bai ga ko rabuwa ɗaya ba, wannan magana ce mai nauyi, kuma da wuya a ce hujjar da ke hannunsa ta kai ta. Imaninsa da ra'ayin ƙwayar halitta ne ya ɗauke shi.

A yau dalilan cikas ɗin a fili suke. Ya zaɓi ƙwayoyin da suka riga suka manyanta suka kama sana'a guda, alhali matasan ƙwayoyi na kan saiwa da toho ne ke da saurin rabuwa. Wasu daga cikin tsirran da ya ɗauka suna cikin masu taurin kai ko ga masu binciken zamani. Bai iya kare ruwan renon daga ƙwayoyin cuta sarai ba, ga shi ruwan sukari wurin kiwonsu ne. Mafi girma kuma, sinadaran da ya yi zato ba wanda ya san su a lokacin. Sai a ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930 aka kama na farkonsu, wanda ake kira oksin. Abin ban sha'awa, masu nazarin dabbobi ne suka riga cin nasara: a 1907 Ross Harrison na Amurka ya reni tsokar jijiyar kwaɗo a wajen jiki ya ga tana miƙewa.

A 1910 aka kira Haberlandt Balin ya gaji kujerar malaminsa Schwendener, ya kafa cibiyar nazarin rayuwar tsirrai a unguwar Dahlem. A nan ya koma wa tsohuwar tambayarsa ta wata ƙofa. Maimakon ƙwaya ɗaya, sai ya riƙa yanka dankalin Turawa ƙanana-ƙanana. A 1913 ya ba da rahoton cewa yankan da ke ɗauke da guntun jijiyar jigilar abinci ƙwayoyinsa na rabuwa, wanda ba ya ɗauke da ita kuwa sai ya tsaya cik, amma idan aka ɗora mai jijiya a kansa sai ya motsa. Wani abu ke nan yake ratsowa daga jijiyar. Wajen 1921 ya nuna wani abin kuma da wani nau'in kabeji mai kumburarren kara: idan aka yanka aka wanke fuskar yankan da ruwa sosai, rabuwar ƙwayoyi takan ragu, idan aka shafa mata dakakkiyar tsoka sai ta dawo. Ya kammala cewa ƙwayoyin da suka ji rauni na sakin wani sinadari mai kiran na kusa da su su rufe miki. A 1939 wasu masu bincike a Kalifoniya suka tace wani sinadari mai irin wannan aiki, kuma daga kwanson wake suka samo shi.

A ɗakin gwajinsa na Balin ne ɗalibinsa Walter Kotte ya reni kan saiwar masara da na koren waken Turawa cikin ruwa mai tsabta a 1922, a shekarar da William Robbins ya yi makamancin haka a Amurka. Haberlandt ya yi ritaya a 1923, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1933. Shekara guda kafin nan ya yi rashin ɗansa Ludwig, farfesa a Innsbruck, wanda ya yi fice da bincike kan sinadaran jikin mace da tsarin haihuwa, ya kuma sha suka mai tsanani a kansa.

Tsohon ya yi tsawon rai har ya ga ƙofar ta fara buɗewa. A 1934 Philip White ya reni saiwar tumatir a kwalba tana girma ba iyaka. A 1939 Roger Gautheret da Pierre Nobécourt a Faransa, da White a Amurka, suka samu dunƙulen tsokar karas da ta taba mai yaɗuwa muddin ana sauya mata abinci. A 1941 Johannes van Overbeek da abokan aikinsa suka gano cewa ruwan kwakwa na raya 'yan tayin tsiro ƙanana, ruwan kwakwa kuwa shi ne ainihin irin ruwan da Haberlandt ya ce a gwada shekaru kusan arba'in da suka wuce. Ya rasu a Balin ranar 30 ga Janairu, 1945, yana da shekara 90, watanni kaɗan kafin birnin ya faɗi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Cikar hasashen ta zo ne bayansa. A 1955 Carlos Miller da Folke Skoog na Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke sa ƙwaya ta rabu, a 1957 kuma suka nuna cewa ma'auni tsakaninsa da oksin shi ke yanke hukunci: idan oksin ya rinjaya saiwa ke fitowa, idan ɗayan ya rinjaya sai toho. A 1958 Frederick Steward a Amurka da Jakob Reinert a Jamus suka ga 'yan tayi na fitowa daga ƙwayoyin jikin karas. A 1965 Vimla Vasil da Albert Hildebrandt suka ware ƙwayar taba guda ɗaya, suka rene ta har ta zama tsiro mai fure. Shekaru 63 ke nan bayan maƙalar 1902, wadda ita kanta ba a fassara ta zuwa Turanci ba sai a 1969.

Daga nan aikin ya fita daga hannun masu neman sani kaɗai ya shiga na masu noma. Da wannan hanya ake samar da dubban 'ya'yan ayaba masu kama ɗaya daga uwa guda, da ita ake tsarkake irin rogo da doya daga cututtukan da ke bin kara daga gona zuwa gona, kamar yadda ake yi a Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan. Ya kamata a bambance: renon tsiro a kwalba shi kaɗai ba sauya masa halitta ba ne, dashe ne kawai a ƙaramin ma'auni.

Wake kuwa ya daɗe yana turjiya. Karas da taba da sauƙi suke miƙa wuya, amma tsokar wake takan kumbura ta yi dunƙule, wani lokaci ta fitar da saiwa, sannan ta ƙi fitar da toho, ko ta yi baƙi ta mutu. Dabarar da ta yi aiki a kan wani iri sai ta ƙi yi a kan ɗan'uwansa. Mafitar da aka samu ta yi daidai da darasin da Haberlandt ya biya da gwajinsa: a bar tsofaffin ƙwayoyi, a nemi matasa. Ana jiƙa ƙwayar wake, a bare ta, a yanko mahaɗar da ɓari biyun ke manne da ɗan tsiron, a ɗora a kan abinci mai daskarewa da aka sa wa sinadarin tsiro da toho. Toho da yawa kan fito daga wurin, a yanke su a mayar kan wani abincin mai jawo saiwa, daga bisani a saba musu da iska da ƙasa a cikin tukwane sannu a hankali, domin tsiron kwalba bai san bushewa ba.

Wannan mataki ne ya tsare masu son kare waken Afirka daga tsutsar Maruka, mai huda fure da kwanso, shekaru masu yawa. Sanya sabon sinadarin gado cikin ƙwayar halitta ba shi da amfani idan ba za a iya mayar da ƙwayar cikakken tsiro mai ba da iri ba. A 2006 ne wata tawaga a hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, ƙarƙashin T. J. Higgins, ta wallafa hanyar da ta yi aiki, ko da yake ƙalilan ne ƙwarai cikin kowane yanka dubu ke kaiwa ga nasara. Daga waɗannan 'yan tsirarun tsirrai aka samu tushen da masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka haɗa da irin gida. Hukumar kula da amincin fasahar halittu ta ƙasa ta ba da izini a farkon 2019, aka saki irin a ƙarshen shekarar da sunan SAMPEA 20-T. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wannan wake, don haka ba mamaki muhawara ta biyo baya, tsakanin masu murnar rage feshin magani da masu ɗari-ɗari da iri da aka sauya wa halitta, kuma ba a gama ta ba.

Shi kuwa ɗayan waken, na asalin nahiyar Amurka, wanda ake ci sosai a gabashi da kudancin Afirka, har yanzu yana cikin amfanin gona mafi wuyar reno a kwalba. Ɗakunan gwaje-gwaje na ci gaba da neman hanyarsa iri bayan iri, kowanne da nasa ma'aunin sinadarai.